Yadda ɗalibi zai yi tseren jirgin ruwa mai ƙyallen iska, da abin yi idan jirgin ya kife

Tseren ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da ƙarfin iska wasa ne da ya daɗe da kafuwa a Legas, inda ƙungiyar Lagos Yacht Club take tun shekarar 1932, amma a nan Abuja har yanzu baƙo ne ga yawancin makarantunmu na sakandare, duk da cewa muna da ruwa a kusa da mu, kamar tafkin Jabi da ke cikin gari da madatsar ruwa ta Usuma da ke wajen Ushafa. Iyaye da yawa, da zarar an ambaci jirgin ruwa, abin da ke faɗo musu a rai shi ne labaran kifewar kwale-kwale a Neja da Kebbi, kuma babu mai ganin laifinsu a kan wannan fargaba. Sai dai jirgin tsere daban yake da kwale-kwalen haya da ake cika wa lodi: mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka, an ƙera shi da rufaffun aljihunan iska a jikinsa domin kada ya nutse, kuma tun daga wajen ƙirarsa an san zai kife, an kuma tanadi yadda yaro ɗan shekara goma sha huɗu zai tayar da shi da nauyin jikinsa. Kifewa tana cikin wasan. Abin da ke jawo hatsari shi ne ruɗewa da rabuwa da jirgi, kuma duka biyun horo yana maganinsu.

Shirin da ake yi kafin ranar gasa

Abu na farko shi ne iyo. Kada makaranta ta saka sunan ɗalibi a gasa sai ta gan shi da idonta ya yi iyo na mita 50 sanye da tufafin da zai shiga jirgi da su, ya kuma iya tsayawa cikin ruwan da ya fi ƙarfin tsawonsa ba tare da ya firgita ba. Bayan haka sai takardar amincewar iyaye, wadda za ta bayyana ko yaron yana da asma ko farfaɗiya, domin mai horarwa da masu jirgin ceto su sani tun da wuri.

Na biyu, ka san jirginka. Ƙananan yara har zuwa shekara 15 sukan fara da Optimist, ɗan jirgi mai kusurwa huɗu wanda Clark Mills ya zana a Florida ta Amurka a shekarar 1947, tsawonsa kimanin mita 2.3. Manyan ɗalibai masu tuƙi su kaɗai sukan hau ILCA, wanda aka fi sani da Laser, mai tsawon mita 4.2, kuma mai ƙaramin jiki zai fi samun sauƙi da ƙaramin ƙyallensa mai faɗin murabba'in mita 4.7. Masu tuƙi bibbiyu kuwa, matuƙi a baya da mataimaki a gaba, jirginsu shi ne 420, wanda aka zana a Faransa a shekarar 1959, mai babban ƙyalle da kuma ƙarami a gabansa. Ko wanne ka hau, sassan da za ka riƙa ambata su ne sandar tsaye da ke ɗauke da ƙyalle, sandar kwance da ke ƙasan ƙyallen, igiyar da ake jan ƙyallen da ita, allon tsakiya da ke shiga ruwa ta ƙarƙashin jirgi ya hana shi zamewa gefe, da allon tuƙi da mariƙinsa a baya.

Na uku, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne muhimmanci, shi ne a kifar da jirgin da gangan a lokacin horo. A zaɓi ranar da iska ta kwanta, mai horarwa yana kusa a jirgi mai inji, ɗalibai su kwantar da jirgin da kansu su tayar, su sake, har sai jiki ya saba ya daina jiran umarnin ƙwaƙwalwa. Daga baya a maimaita a ranar da iska take da ɗan ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ɗalibin da ya fara ɗanɗana kifewa a tsakiyar gasa, jirage ashirin suna wucewa ta gefensa, an zalunce shi.

Maganar sutura tana buƙatar a tsaya a kanta, domin irin kayan da muka saba sawa ba su dace da wannan wuri ba. Kaftani da jallabiya da zani da dogon hijabi suna shan ruwa su yi nauyi, suna kuma harɗewa a igiya da ƙugiyoyin jirgi. Namiji ya sa riga mai dogon hannu da wando na kayan wasanni masu saurin bushewa. Mace ma haka, ta ɗora ƙaramin hijabin wasanni mai kama kai, ta tura bakinsa cikin riga, ba tare da fil ko allura ba, kuma idan tana son ƙarin sutura ta sa rigar da ta sauko kan cinya amma ba mai baza ba. A cire zobe da sarƙa da duk wani abin rataye a wuya. Takalmi ya zama rufaffe mai tafin roba, saboda silifas yakan tafi tun a faɗuwar farko, ƙasan tafki kuma ba ya rasa fasasshiyar kwalba. Sama da komai sai rigar kariya daga nutsewa: wadda ake amfani da ita a wannan wasa ita ce mai lamba 50N, kuma gwajinta shi ne abokinka ya kama kafaɗun rigar ya ja sama; idan ta taho har kunnuwanka ta yi maka yawa, a ruwa za ta rufe maka fuska. A ɗaura usur a jikinta.

Safiyar gasa

Ka fara da duba sama da hasashen yanayi na hukumar NiMet. A Abuja iska iri biyu ce ke mulkin shekara: ta hunturu mai busowa daga arewa maso gabas, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da ta damina mai zuwa daga kudu maso yamma. Wadda ake tsoro ita ce guguwar da ke share wa hadari hanya a farkon damina da ƙarshenta, wajen Afrilu da Mayu da kuma Satumba da Oktoba, wadda galibi daga gabas take tasowa, kuma cikin 'yan mintuna takan mayar da ruwan da yake kwance ya koma fari fat da kumfa. Sandar tsaye ta ƙarfe ce, ita ce kuma mafi tsawo a kan ruwa, saboda haka walƙiya ba abin wasa ba ce. Ƙarar tsawa tana cin kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa uku. Idan tsakanin walƙiya da ƙararta bai kai daƙiƙa 30 ba, a fito daga ruwa, kuma kada a koma sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. A kan tafkin Jabi akwai ƙarin abin lura, domin gine-gine da bishiyoyin bakin ruwa suna tare iska su sake ta a karkace, don haka takan zo da ƙarfi a nan ta mutu a can. Madatsar Usuma kuwa ita ce ke shayar da birnin, ba a shigar ta da jirgi sai da izinin hukumar ruwa.

Daga nan ka bi jirginka da hannu, tun daga goshi har gindi. Ka tabbata an rufe marfin aljihunan iska da toshiyar ramin fitar ruwa. Ka duba ƙugiyar da ke riƙe allon tuƙi, domin idan babu ita allon zai zare ya nutse da zarar jirgi ya juye. Allon tsakiya, idan irin wanda ake zarewa ne, a ɗaure shi da roba. A Optimist da ILCA sandar tsaye zaune kawai take a cikin gurbinta, saboda haka dole a ɗaure ta, in ba haka ba ta fice a lokacin kifewa ta fasa gurbin. Abin kwarfar ruwa bai fi ƙaramar jarka da aka yanke wa gindi aka bar mata marfi da hannu ba, amma a ɗaure ta da siririyar igiya, don ita ce abu na farko da ruwa ke tafiya da shi. Wajen tura jirgi zuwa bakin ruwa a ɗaga kai a duba wayar lantarki.

Kada ka makara a taron bayani. A nan ne alƙalan gasa za su faɗi fasalin zagaye da alamomin da aka kafa a kan ruwa domin a kewaya su, yawan tseren da za a yi, da alamar da za ka yi wa jirgin ceto idan kana lafiya ko kana neman taimako. Idan wani abu ya shige maka duhu, ka ɗaga hannu ka ce, "Malam, a maimaita mana gefen da za mu bar alama," domin tambayar minti ɗaya ta fi zagayen banza na rabin sa'a. Ka sha ruwa, ka yi addu'ar shiga jirgi, ka fita da wuri.

Tashi da zagaye

Dokokin tsere na hukumar wasan ta duniya, World Sailing, ne, ana sabunta su duk bayan shekara huɗu, kuma waɗanda ke aiki yanzu na 2025 zuwa 2028 ne. Layin tashi yana tsakanin jirgin alƙalai da wata alama mai yawo a kan ruwa. Idan saura minti 5 za a ɗaga tutar ajinku, wato ta rukunin jiragenku, a busa ƙaho. A minti 4 a ƙara shuɗiyar tuta mai farin murabba'i a tsakiya. A minti 1 a sauke ta da doguwar busa. Idan lokaci ya cika a sauke tutar aji, tsere ya fara. Wasu gasannin makarantu sukan gajarta wannan zuwa minti 3 da busa kawai, shi ya sa sauraron bayani yake da amfani. Ka danna agogonka tun a busar farko. Wanda jikin jirginsa ya tsallake layi kafin lokaci, za a ɗaga farar tuta mai shuɗin giciye, dole ya koma bayan layi ya sake tashi, yana mai kauce wa kowa.

Akwai dabara mai sauƙi ta gane gefen layin da ya fi riba. Tun kafin busar farko ka je tsakiyar layi ka fuskantar da goshin jirgi cikin iska har ƙyalle ya riƙa kaɗawa a tsakiya. Duk gefen da goshin ya fi karkata gare shi, shi ya fi kusa da alamar farko. Amma ga sabon shiga ina ba da shawarar ya bar wa gwanaye turmutsutsun wancan gefen, ya nemi fili a tsakiya inda zai tashi da gudu da iskar da wasu jirage ba su tare ba.

Jirgi ba ya iya tafiya kai tsaye cikin iska, iyakarsa ya kusance ta da kimanin digiri 45, saboda haka zuwa alamar da ke saman iska, wato wajen da iska ke fitowa, tafiya ce a kaikaice, dama da hagu, ana juya goshi ta cikin iska. A wannan zango a ja ƙyalle sosai, a sauke allon tsakiya gaba ɗaya, a saƙala ƙafafu a maɗauri a miƙa jiki waje domin jirgin ya tafi a miƙe, domin jirgin da ya karkata gudunsa raguwa yake yi. Idan an kewaye alama aka juyo da iska a baya, sai a saki ƙyalle a ɗan ɗaga allon.

Dokokin haɗuwa da ɗalibi zai haddace ba su da yawa. Idan iska tana shigo maka ta hagu, kai ne za ka kauce wa wanda take shigo masa ta dama. Idan ta gefe ɗaya take shigo muku kuna jere, na saman iska ne zai kauce wa na ƙasa, na baya kuma ya kauce wa na gaba. A wajen alama, idan jirgi yana cikin lungu tsakaninka da ita a lokacin da kuka iso tazarar tsawon jirgi uku, ka ba shi wurin kewayawa. Ko da kai ne mai gaskiya, doka ta 14 ta ɗora maka nauyin kauce wa karo. Wanda ya taɓa alama zai fita gefe ya yi juyi ɗaya cikakke, wanda ya tauye haƙƙin wani jirgi ya yi biyu. Wajen ƙirga maki, wanda ya zo na ɗaya a tsere yana samun maki 1, na biyu 2, haka har ƙarshe, mai ƙarancin maki shi ne zakara, wanda kuma bai gama ba akan ba shi adadin jiragen da suka shiga gasar a ƙara ɗaya. Ka riƙe wannan lissafi, domin shi ne dalilin da ya sa tayar da jirgi a ƙarasa tsere, ko a na goma sha biyar ne, ya fi janyewa.

Inda ake yawan kifewa

Wuri uku ne. Na farko lokacin da iska ta bugo ba zato kana hawa zuwa saman iska, igiyar ƙyalle kuma tana maƙale. Maganinsa igiyar ta zauna a hannunka kullum, ka riƙa kallon ruwan da ke gabanka, domin bugun iska yakan nuna kansa da duhu-duhu a fuskar ruwa kafin ya iso, sai ka sassauta igiya ka miƙa jiki waje. Na biyu wajen juyawa da iska a baya, inda sandar kwance ke tsallakowa da ƙarfi daga gefe zuwa gefe. A nan matuƙi ya sanar da babbar murya, kowa ya sunkuyar da kai, a yi juyin lokacin da jirgi ke cikin gudu, a kuma miƙar da mariƙin tuƙi da zarar sandar ta wuce. Na uku lokacin gangarowa da iska, idan an saki ƙyalle ya wuce kima jirgi ya fara rangaji har ya faɗi ta gefen da kake zaune. Da ka ji rangajin ka ɗan ja igiya ka ƙara sauke allon tsakiya.

Idan jirgin ya kwanta

Idan ka ga babu makawa, kada ka rataye a gefen sama, domin nauyinka zai danna sandar tsaye cikin ruwa ya kifar da jirgin ruf. Ka zame cikin ruwa a tsakanin jikin jirgi da sandar kwance, ƙafa a gaba, bakinka a rufe. Sanyin ruwa yakan sa mutum ya ja numfashi ba da niyya ba a daƙiƙun farko, musamman da hunturu. Ka bar rigar kariya ta ɗauke ka, ka kama wani sashe na jirgin, numfashin zai daidaita.

Kafin ka taɓa igiya ko allo, ka nemi abokinka. Ka kira sunansa da ƙarfi, ka ce, "Kana lafiya?" kuma kada ka yi komai sai ka ji "Lafiya lau" daga bakinsa ko ka ga fuskarsa. Tsarin da ba ya canzawa shi ne mutum tukuna, sannan jirgi, sannan tsere. Haka kuma kada ɗayanku ya saki jirgin. Jirgin da ya kwanta iska tana tura shi fiye da saurin iyon mai sanye da rigar kariya, gaɓar da kake gani kusa ta fi yadda kake zato nisa, kuma masu ceto jirgi suke hangowa daga nesa, kan mutum a cikin ruwa ba ya ganuwa da sauƙi. Hula ko takalmi ko abin kwarfa da ya tafi, a bar shi ya tafi.

Ga masu tuƙi bibbiyu, aikin yana tafiya kamar haka. Ku biyun ku gangara zuwa gindin jirgi kuna riƙe da shi, ku duba allon tuƙi yana nan. Wanda ya fi nauyi ya riƙe bakin igiyar babban ƙyalle a hannu, ba tare da ya naɗe ta a wuyan hannunsa ba, ya zagaya ta baya zuwa ƙasan jirgi inda allon tsakiya ya fito, ya kama allon nan take ya rataya a kansa, wanda hakan kaɗai ya isa ya hana jirgin ƙarasa kifewa. Ɗayan ya koma ta cikin jirgi ya tura allon ya fita gaba ɗaya, ya kwance duk igiyar da ke maƙale, ta babban ƙyalle da ta ƙarami, domin ƙyallen da aka ja yana riƙe ruwa, kuma idan jirgin ya tashi da shi a haka zai ruga ya bar ku. Sannan ya nemo igiyar ƙaramin ƙyalle ta gefen sama ya jefa ta ta kan jirgin, ya ce, "Ga igiya nan," na waje ya amsa, "Na kama." Daga nan na ciki ya kwanta a kan ruwa a jikin jirgin, kansa yana wajen goshi, ya riƙe maɗaurin ƙafa sakwa-sakwa ba tare da ya ɗora nauyinsa ba.

Na waje ya hau kan allon, ya ajiye tafin ƙafafunsa a gindin allon kusa da jikin jirgi, domin tsayawa a bakin allo yana iya karya shi, ya miƙe gwiwoyi ya jingina baya yana riƙe da igiyar. A nan ne haƙuri yake aiki. Ƙyallen zai fito daga ruwa a hankali, kamar jiƙaƙƙen bargo da ake ɗagowa daga bahon wanki, yana zubar da ruwan da ya ɗauka, kuma tsalle a kan allo ba ya ƙara masa sauri. Da zarar kan sandar ya rabu da ruwa, sauran tashin da sauri yake zuwa, jirgin ya kwaso na ciki ya tashi da shi. Shi kuma ya durƙusa a tsakiya ya daidaita jirgin, ya bar ƙyalle yana kaɗawa, ya jawo abokinsa ta kafaɗun rigar kariya, ta gefen da iska ke fitowa kusa da gindi.

Akwai abu ɗaya da ke kayar da ɗalibai sau biyu ko uku a jere har ƙarfinsu ya ƙare, wato tayar da jirgi alhali kan sandar yana kallon inda iska ke fitowa. Da ƙyallen ya ɗago, iska za ta shiga ƙarƙashinsa ta wurga jirgin ya faɗo ta ɗaya gefen, a kan wanda ke tsaye a allo. Saboda haka kafin a ja, a duba: idan iska tana bugun bayanka kana kan allo, daidai ne, idan a fuska take bugunka, mutum ɗaya ya kama goshin jirgi ya yi iyo da shi har ya fuskanci iska, sannan a ja.

Mai tuƙin ILCA da ya gwanance yakan tsallake gefen sama tun jirgin yana faɗuwa, ya dira a kan allon, ya tayar ya koma ciki ba tare da ya jiƙe sama da gwiwa ba, amma idan ka makara da daƙiƙa biyu ka haƙura ka shiga ruwa ka zagaya. Optimist kuwa yana tashi cike da ruwa, sai yaro ya shiga ta gindi, ya zauna a tsakiya, ya yi ta kwarfa kafin ya ja ƙyalle.

Idan ya kife ruf, ko sandar ta kafe a laka

Idan ƙasan jirgi ya koma sama, a sake ƙirga mutane. Wanda ya tsinci kansa a ƙarƙashin ƙyalle ya ɗaga hannu ɗaya sama ya tokare shi, iska za ta shigo, ya bi ɗinkin ƙyallen har baki ya fito. Wanda ke ƙarƙashin jirgin kansa ya kama leɓen jirgi, ya tura jikinsa ƙasa ya fito ta waje; kada a dogara da iskar da ke ƙarƙashi, domin ba kowane jirgi ne yake barin ta ba. Idan igiya ta harɗe ƙafa, a sassauta ta da hannu a zare, fizga tana ƙara ɗaure ta. Idan an kira sunan mutum bai amsa ba, a busa usur ba ƙaƙƙautawa, a ɗaga hannuwa biyu ana saukewa, a kuma fara tayar da jirgin nan take, domin ita ce hanya mafi sauri ta fito da wanda ya maƙale.

Tayarwar kanta mataki biyu ce. A taka leɓen jirgi da yatsun ƙafa, a kama bakin allon tsakiya, a jingina baya a jira, mutum biyu a gefe ɗaya idan ɗaya bai isa ba, har jirgin ya dawo kan gefensa, sannan a bi tsarin da ya gabata. A ruwan da ba shi da zurfi sosai kan sandar yakan nutse cikin laka, alamarsa kuwa ita ce jirgin ya tsaya cak, ya ƙi kifewa ya ƙi tashi. Ƙarfi a nan lanƙwasa sanda yake yi ko ya karya ta. A sauka daga kan jirgin, a juya shi da iyo har jikinsa ya koma ƙasan iska, sandar tana saman iska, sai iskar da kanta ta ja shi ta zare sandar. Idan an gwada sau biyu abin ya faskara, ko hannu ya fara mutuwa, a hau kan jirgin a zauna a kira masu ceto, kuma kada a kusanci bayan jirginsu sai an kashe inji.

Komawa cikin tsere

Doka tana ɗaukar jirgi a matsayin wanda ya kife matuƙar kan sandarsa yana cikin ruwa, kuma wajibi ne sauran jirage su kauce masa iya iyawarsu. Ba a ci gaba da tafiya zuwa alama ta gaba sai duk wanda ya faɗa ruwa ya dawo jikin jirgin. Idan ku kuka tayar da kanku, babu hukunci a kanku, ku kwarfe ruwa, ku tattara igiyoyi, ku ci gaba. Doka ta 41 ta yarda a taimaki wanda ya ji rauni ko yake cikin hatsari, amma idan jirgin ceto ne ya tayar muku da jirgi alhali kuna lafiya, to ku janye daga wannan zagayen ku sanar da alƙalai, sai fa idan takardar gasar ta sassauta wannan ga ƙananan yara. Kada tsoron rasa maki ya sa ɗalibi ya ƙi taimakon da yake buƙata, galibi ma akan yafe wa kowa tserensa mafi muni idan an yi da yawa.

Idan kuma wani ne ya kife ka ga alamar hatsari, doka ta farko a littafin gaba ɗaya ta wajabta maka kai masa ɗauki. A gasar Olamfik ta 1988 a Koriya ta Kudu, Lawrence Lemieux ɗan Kanada yana matsayi na biyu a tserensa ya hangi 'yan Singafo biyu da jirginsu ya kife cikin iska mai ƙarfi, ya bar tseren ya tsamo su, daga baya alƙalai suka mayar masa da matsayinsa na biyu. Wannan haƙƙi yana nan ga ɗalibi ma: ka lura da matsayinka lokacin da ka tsaya, ka rubuta wa alƙalai buƙatar gyaran maki da zarar ka fito.

Bayan an fito gaɓa

A cire jiƙaƙƙun kaya nan da nan a sa busassu, domin iskar hunturu a kan jiƙaƙƙen jiki tana zuƙe ɗumi ko da rana tana sama, a kuma sha shayi mai zafi. Wanda sandar kwance ta buga a kai, idan yana jin jiri ko amai ko ya manta abin da ya faru, ya gama tsere na wannan rana, a kai shi asibiti. Haka wanda ya shaƙi ruwa yana ta tari ko numfashinsa yana sarƙewa, ko da ya ce ya warware. Lambar kiran gaggawa ita ce 112, kuma ya kamata a ajiye mota da direba a bakin ruwa tun daga farkon gasa har ƙarshenta.

Ruwan tafki a ƙasarmu yana iya ɗauke da tsargiya, wadda ƙwayoyinta ke fitowa daga dodon koɗi su ratsa fata ba tare da an ji ba. A yi wanka da sabulu da ruwa mai tsabta, kuma a faɗa wa ɗalibai ƙarara, maza da mata, cewa duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ko ya yi zazzaɓi bayan wasu makonni ya sanar da iyayensa a je a yi gwaji, akwai maganinta da ake kira praziquantel. Shi kuma jirgin a buɗe aljihunan iskarsa a ga ko ruwa ya shiga, a wanke lakar kan sanda da ƙyalle kafin ta bushe, a kwantar da sandar a ƙasa a hango ta daga gindi zuwa kai ko ta lanƙwashe, a kuma shafa gefen allon tsakiya da hannu a ji ko ya tsage kafin a mayar da shi ruwa.